Wai garuruwan da muka sani a gem, mun san su kuwa?

Nura Mai Gem:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ne ya faru a shagona na Tudun Wada daren jiya, har na kwanta ina juya shi a rai. Ƙanin matata da ke karatu a Amurka ya kira ni ta bidiyo. Mu nan an yi isha'i, su can rana tsaka, yana cikin motar abokinsa a Los Anjelis, sai ya juya kyamara yana nuna mini titi. Yaran shago duk suka ajiye fad, abin da ake riƙewa a buga gem, suka yo kaina. Wani ɗan tsurut da bai fi shekara 13 ba, wanda ko Zariya ban jin ya taɓa takawa, ya nuna wayar ya ce, "Oga wallahi na san nan, ga itatuwan nan masu dogon wuya, in aka yi gaba akwai babban kwalbatin da ake shiga a ɓace wa 'yan sanda." Kafin in yi magana ya sake cewa da surukin nawa, "Yaya, ina taka bindigar?" Shi kuwa dariya har da ƙwalla. Ya ce wata takwas yana garin bai ji ƙarar harbi ba, abin da ke neman kashe shi cunkoson motoci ne da kuɗin haya. To tambayata, mu da muka girma a kan gem ɗin GTA San Andreas, wanda garinsa Los Santos kwaikwayon Los Anjelis ne, mun san Amurka ne ko dai wani gari muka sani da babu shi a duniya?

Ɗan Kawo:
Oga Nura ni fa na fi sanin Grove Street na cikin gem ɗin a kan Unguwar Dosa. Ka rufe mini ido ka ajiye ni a Los Santos, zan kai kaina gida. Ka ajiye ni a Kabala, sai na tambayi ɗan acaɓa.

Nura Mai Gem:
Ai kai har yau akwai bashin awa uku a kanka tun zamanin PlayStation 2.

Sadiya:
Yaya Nura abin da zai ƙara ba ka mamaki, waɗanda suka gina garin ma ba Amurkawa ba ne. Kamfanin da ya yi wasan, Rockstar North, a Edinbura yake, ƙasar Sikotland, kuma 'yan'uwan nan biyu da suka kafa Rockstar, Sam da Dan Houser, 'yan Landan ne. Su ma a fim da waƙa suka fara sanin Amurka kamar yadda mu muka san Indiya. Wasan ya fito a 2004 amma labarinsa na 1992 ne, shekarar da aka yi tarzoma a Los Anjelis bayan kotu ta wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka, shi ya sa a ƙarshen wasan za ka ga gari ya rikice ana ƙone-ƙone. Kuma yawancin abin da ke ciki shaguɓe ne. Tallace-tallacen da ke rediyon mota, allunan gefen titi, shagon sayar da bindiga kamar na sayar da burodi, duk ba'a ce suke yi wa Amurkawa. Ba'amurke yana ji ya yi dariya don ya san da shi ake. Mu kuwa Turancin ya yi mana sauri, ba'ar ta wuce ta saman kanmu, sai muka ɗauke shi a matsayin labarin duniya.

Ɗan Kawo:
Wallahi ban taɓa tsayawa na ji abin da suke cewa ba. Da an fara surutu nake danna maɓalli ya wuce. A takarda muke rubuto lambobin magudi, a saukar da tankar yaƙi a tsakiyar titi, shi ke nan.

Kawu Garba:
Ku bar ta bindiga. Ni ɗana ne ya sa mini Euro Truck a kwamfutarsa lokacin da ƙafata ta kwantar da ni wata biyu. Shekara 26 ina jan tirela, Kaduna zuwa Legas, Kaduna zuwa Maiduguri, to bari in gaya muku abin da na gani. Motar kam sun san ta. Yadda bodi ke bin kai in za ka shiga kwana, yadda ake ja da baya a faka, nauyin kaya a gangara, duk na sara musu. Ranar farko na tsallaka Ingila na manta su hagu suke bi, sai ga ni gaba da gaba da wata ƙaramar mota. Amma titin nan ya dame ni, shiru kamar maƙabarta. Ka yi tafiya daga Jamus har Folan, babu rami, babu shinge, babu mai rake ko gyaɗa a gefen hanya, babu wanda zai ɗago maka hannu. Ka wuce danja ja, babu wanda za ka ba haƙuri, kuɗi kawai ake zarewa a aljihunka. Ga shi ba ni da yaron mota. Na ce wa ɗana, in haka tuƙi yake a Turai to kaɗaici ne zai kashe direba, ba hatsari ba. A Tafa ko Mararrabar Jos ka faka, kafin ka kashe inji an san ka iso, mai shayi ya fara fasa ƙwai.

Sadiya:
Kawu ai ko a can akwai mutane a wuraren hutawa, kamfanin ne bai sa su ba. 'Yan ƙasar Cek ne suka yi shi, tun 2012, kuma abin da suka sa a gaba mota ce da titi.

Kawu Garba:
To kin gani 'yata. Ni da ban je ba, da me zan gane abin da suka cire?

Maman Walid:
Kawu ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni ban damu da yadda aka nuna Turai ba, su suka sani. Ku zo mu yi ta namu. Kwanaki na dawo daga aikin dare na tarar da Walid da abokansa suna wani Far Cry 2, wai a Afirka ake yi. Na tsaya a bayansu da jakata ban ko cire takalmi ba. Ƙasar ba ta da suna, Afirka ce kawai. Kuɗinsu lu'ulu'u ne da ake tsinta a akwatuna cikin daji. Bindigogi duk tsatsa, suna cijewa a hannu. Ana cikin tafiya sai allo ya yi rawaya-rawaya ya dishe, mutumin ya zaro kwalba ya haɗiyi ƙwaya ɗaya, nan take ya miƙe da gudu. Na ce mene ne wannan? Suka ce maleriya ce. Ni da nake kwana a kan yaran da zazzaɓi ya sa su jijjiga kowace damina, wai ƙwaya ɗaya a tsaye! Abin da ya fi ba ni haushi, minti kusan talatin ina kallo ban ga mace ɗaya ba, ban ga yaro ba, ban ga gona ba. Duk baƙin mutumin da ya ɓullo harbi yake, a harbe shi.

Ɗan Kawo:
Anti amma gobarar dajinsu ta yi. Ka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta iska ta kwashe ta, sak hanyar Birnin Gwari da hunturu.

Maman Walid:
Ai shi ne abin. Sun zo sun kalli ciyawa da kyau, mutane ne ba su kalla ba.

Nura Mai Gem:
Na tuna Resident Evil 5, a 2009 ko'ina shi ake bugawa a shago. Kamfanin Capcom na Japan ne. Wai a Afirka ta Yamma ne, wani gari Kijuju da suka ƙirƙira, amma mutanen garin Suwahili suke yi, sunan dodannin ma Majini. Kamar a ce ga Kaduna amma kowa yana yaren Zulu. Tun kafin ya fito aka yi ta cece-kuce a waje kan hoton Bature yana ɗirka wa baƙaƙe harsashi. Mu nan kuwa, in faɗi gaskiya, layi ake yi. Babu yaro ɗaya da ya taɓa ce mini Oga ai mu ne ake harbi.

Sadiya:
Saboda fad ɗin yana hannunsa. Duk wanda ya riƙe shi Chris ne, Baturen da ke harbin, ko a Rigasa yake zaune.

Malam Habu:
Ina ta karatu ban tanka ba. Ni dai ba zan shiga sahun masu cewa duk ɓata mu ake yi ba, domin na ga wanda aka yi da kyau. Ɗan ƙanwata ya kawo mini Assassin's Creed Mirage, na 2023, don ya san tarihi nake koyarwa. Bagadaza ce ta zamanin Abbasiyawa. Ya mayar da muryoyin Larabci, ya hau da mutumin saman wani bene, sai ga birnin zagayayye kamar faifai, wanda Halifa Mansur ya aza tubalinsa a 762. Shekara nawa ina zana da'irar nan a allo da alli, yara na hamma. Rannan na gan ta da kasuwanninta da masu rini da raƙuma, ga Baitul Hikma da masu kwafar littattafai, ga 'ya'yan Musa ɗin nan masu ƙere-ƙere. Muna tsaye sai aka kira salla daga nesa a cikin wasan. Wallahi tsigar jikina ta tashi, har na ce masa ya dakata da gudu sai an gama. To amma kada ku ɗauke shi littafi. A 861 da labarin ya fara, fadar halifa ba a Bagadaza take ba, a Samarra take. Mutawakkil kuma dakarunsa Turkawa ne suka kashe shi, da hannun ɗansa Muntasir a ciki, ba wani ɓarawon kasuwa ba kamar yadda wasan ya nuna. Na gaya wa yaron haka, ya ce Kawu ai a gem na gani da idona. Nan na gane inda matsalar take. Abin da yaro ya karanta yana iya shakka, amma wurin da ya yi awa arba'in yana yawo a ciki da ƙafarsa, ka ce masa ba haka ba ne, kai ne maƙaryaci.

Ɗan Kawo:
Malam gani ya kori ji.

Malam Habu:
Ganin abin da wani ya zaɓa ya nuna maka, Ɗan Kawo.

Usman Barnawa:
Malam da girmamawa, ina ganin muna ɗora wa wasa kayan da ba nasa ba. Kasuwanci ne. Ba wanda zai sayi gem don ya kalli mutum yana biyan kuɗin haya ko yana layin asibiti. Su kansu Amurkawa ba a raga musu ba, Oga Nura ya faɗa da bakinsa, yaro ya ɗauka kowa a can da bindiga yake yawo. Laifi tudu ne. Mu muna ganin su 'yan daba, su suna ganin mu masu zazzaɓi, an yi canjaras. Kuma baƙo na iya yin abin kirki. Ghost of Tsushima Amurkawa ne suka yi shi a 2020, kan harin da Mongol suka kai tsibirin a 1274, Japanawa suka karɓe shi hannu bibbiyu. Hukumar tsibirin har ta naɗa shugabannin aikin biyu jakadun yawon buɗe ido. Da guguwa ta kayar da ƙofar wani wurin ibadarsu a can, masu buga wasan suka shiga cikin masu tara kuɗin gyara.

Sadiya:
Yaya Usman ba canjaras ba ne. Yaron Tudun Wada yana ganin Amurka a labarai, a fim, a YouTube, ga kuma wani ɗan'uwa da zai kira ta bidiyo ya ce masa ba haka ba ne. Yaron da ke wani ƙauye a Amurka sau nawa zai ga Afirka ta Yamma a rayuwarsa? Wataƙila sau biyu, kuma duka biyun da bindiga a hannunsa. Japan kuwa suna da Sony da Nintendo da Sega, su ke ba duniya labarin kansu tun da daɗewa, don haka in baƙo ya zo ya yi nasa ƙari ne kawai. Kuma Sony ɗin ce ta mallaki kamfanin da ya yi Tsushima. Ka ga akwai wanda zai ce musu a'a tun kafin a fitar. Mu wa ke zaune a ɗakin?

Nura Mai Gem:
Surukin nawa ma ya ce wani ɗan ajinsu da ya ji daga Najeriya yake, cewa ya yi ya san Legas, ya taɓa tsalle a saman motocin haya a can. Ashe Call of Duty Advanced Warfare yake nufi, na 2014, inda ake zuwa ceto firaministan Najeriya.

Malam Habu:
Firaminista? Allah ya ji ƙan Abubakar Tafawa Ɓalewa, tun 1966 ba mu sake yin wani ba.

Usman Barnawa:
Ai labarin na shekaru masu zuwa ne Malam, wa ya san tsarin da za a koma.

Alaramma Ƙarami:
Ni abin da nake so iyaye su lura da shi daban ne. Wanda bai san harshe ba yakan ɗauki rubutun Larabci a matsayin ado kawai. A 2012 sai da aka janye filin Favela na gem ɗin Call of Duty Modern Warfare 2 na wani lokaci, saboda an gano hadisin nan na cewa Allah kyakkyawa ne yana son kyau, rubuce a jikin firam ɗin hoto a cikin banɗaki. Kafin nan a 2008 an ɗage fitar da LittleBigPlanet saboda waƙar wani makaɗin Mali da ke ciki tana ɗauke da ayoyin Alƙur'ani. Ban ce da gangan suka yi ba, kuma duka biyun sun gyara. Amma wa ya gano? Masu wasa ne Musulmi da suka iya karantawa. Miliyoyi sun wuce ta gaban firam ɗin nan ba su ga komai ba sai zane.

Maman Walid:
Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Bazazzagi:
To tunda an zo gida, bari in kawo ƙarata gaban zaure. A 2021 aka ƙara Hausawa a cikin Age of Empires III, tare da Habasha. Ranar da na saukar da shi data ta ta ƙare sau biyu amma ban ji zafi ba. Na danna wani manomi, sai ya amsa mini da Hausa. Jama'a, shekara ashirin ina ba Turawa da Larabawa da Japanawa umarni a allo, ban taɓa jin an amsa mini da harshen uwata ba. Na kira matata ta zo ta ji, ta ce to sai me, na ce ba za ki gane ba. Ga barade masu lifidi, sunan ma haka suka bar shi, ga wani soja mai suna Maigadi, ga Fulani maharba, ga kasuwar dabbobi inda kake sayar da shanu ka samu zinariya. Shugaba kuma Sarauniya Amina. Duk na yarda. Sai na duba babban birninta, na ga an rubuta Kano. Amina 'yar Bakwa Turunku, wadda kufan garin gidansu ke nan Igabi, ka tashi daga Kawo ba ka gama cin gyaɗar hannunka ba ka isa, ita ce aka kai Kano aka ajiye!

Bakano:
Su ma Turawa sun san inda birni yake. Ina za su ajiye sarauniya, a Tudun Jukun?

Bazazzagi:
Kai bawanmu yi shiru. Ba ku kuka riƙa jin labarin ana kai mata haraji ba?

Bakano:
Da ba mu rubuta ta a tarihinmu ba, da wa zai san an yi ta?

Shugaban Zaure:
Kanawa da Zage-zagi, a yi a hankali, kar ku mayar mana da zaure filin dambe.

Malam Habu:
Bakano bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wato ƙarni na 15, wasu masana kuma suna sa ta a na 16. To ka ga abin da mu kanmu ba mu daidaita a kai ba, mai gem dole ya zaɓi ɗaya ya wuce. Abin da ya zaɓa kuma shi ne wani yaro a Birazil ko Koriya zai riƙe har ya tsufa.

Sadiya:
Ta sake fitowa a Civilization VII a 2025, tana magana da Hausa. Sai dai a can shugaba daban, ƙasa daban, kuma da wasan ya fito babu ƙasar Hausa a ciki. Sai ka ga Amina tana mulkin Aksum ko Songhai, in ka ga dama ma ka ba ta Rum. Na leƙa inda masu wasan ke hira, na ga suna ta muhawara a kanta, wannan ya ce ta fi ƙarfi a hamada, wancan ya ce a'a wajen tara dukiya ta fi amfani. Da farko abin ya yi mini banbarakwai, kamar ana taya kakarka a kara. Daga baya na ga wasu suna tambayar ina ne Zazzau, yaya ake furta sunan. Na zauna na rubuta musu amsa, har na sa hoton ganuwar Zariya da na ɗauka da wayata.

Usman Barnawa:
To kin ga maganata ke nan. Da babu gara ba daɗi. Kafin gem ɗin wa ya tambaye ki?

Sadiya:
Na yarda da rabi. Ɗayan rabin kuma, a Kamaru wasu matasa a Yawunde sun kafa Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, da matsalar wuta irin tamu. Ba sai mun jira Kanada ko Amurka sun tuna da mu ba.

Ɗan Kawo:
A yi mana GTA Kaduna kawai. Mishan na farko ka tashi daga Kasuwar Barci ka kamo jirgin safe a Rigasa cikin Keke Napep, ga ruwa ana tsugawa.

Maman Walid:
Allah ya kiyaye. A yi shi, gobe yaron wani a Japan ya ga ɗan Kaduna ya tambaye shi ina addarsa. In za ku yi, ku sa mata masu awara a bakin layi da 'yan Islamiyya suna dawowa da yamma, ku sa hawan daba a Murtala Square.

Kawu Garba:
Ku sa mini mai shayi a Mararraba, ni zan yi muku muryar direban kyauta.

Bazazzagi:
Kuma babban birni Zariya.

Bakano:
A gem ɗin ma?

Nura Mai Gem:
Malam Habu, in da hali ka shigo shago ranar Asabar bayan la'asar. Zan kunna Mirage a babban talabijin, ka zauna da yaran nan ka nuna musu inda aka yi daidai da inda aka ƙara gishiri. Zan sayi man janareta in an ɗauke wuta.

Malam Habu:
In sha Allah zan zo, amma wani ne zai riƙe fad ɗin. Wancan karon da na karɓa, cikin kogin Dijla na jefa mutumin sau uku.

Ɗan Kawo:
Ni zan riƙe wa Malam.

Nura Mai Gem:
Ka taho da kuɗin awa ukun nan tukuna.